Fetur Mai Yawan Oktan da Motocin Aikin Ƙarfi a Hanyoyin Birnin Gwari

Lambar oktan ma'auni ce ta juriyar fetur ga matsi da zafi kafin ya kama da wuta da kansa. Ba ta auna ƙarfin da ke cikin mai, ba ta auna tsabtarsa, kuma ba ta faɗin nisan da lita ɗaya za ta kai mota. Rashin rarrabe waɗannan abubuwa ne ke sa mai mota ya zuba kuɗi inda babu riba, ya bar ƙofar da asara ke shigo masa a buɗe.

Injin fetur yana aiki ne da bugu huɗu. Fistin yana sauka ya zuƙo iska gauraye da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi wuta ta kama ta tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. A yawancin motocin da ke yawo a Najeriya, ana matse cakuɗar har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta. Abin da masu ƙera inji ke so shi ne wutar ta tashi daga bakin fulogi ta bi cikin silinda a jere, tana cin mai daki-daki. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, ragowar cakuɗar da wutar ba ta iso ba tukuna sai ta fashe da kanta a wani lungu na silindar. Girgizar wannan fashewa ce direba ke ji a hawa ko a ƙarƙashin kaya, ƙara mai kama da tsakuwa ana kaɗa ta cikin gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da kanikawa ke nufi idan sun ce inji ya buga, wanda galibi rashin baƙin mai ko tsananin zafi ke jawowa. Amma ƙwanƙwasar da aka bari ta daɗe tana iya cinye kan fistin, ta karya ringi, ta ƙona gasket, har ta kai injin ga bugawar.

Tun farkon ƙarni na ashirin wannan matsala ta tsaya wa masu ƙera motoci a wuya, domin ƙarin matsi yana ba da ƙarin ƙarfi da tsimin mai, amma man lokacin ba ya jurewa. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa wani sinadari mai dalma yana kashe ƙwanƙwasa ko da ɗan kaɗan aka ɗiga a fetur. Bayan 'yan shekaru Graham Edgar ya fito da ma'aunin da ake amfani da shi har yau: ya ba wani sinadari mai tsananin juriya lamba 100, ya ba wani mai saurin fashewa sifiri, aka riƙa gwada kowane fetur da gaurayen waɗannan biyu a cikin injin gwaji na musamman. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda juriyarsa ta yi daidai da gaurayen da ke da kashi 91 na sinadarin farko. Dalmar kuwa ta ɗaga lambar, amma ta cika iskar birane da guba na tsawon shekaru. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar ta a farkon 2006, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya a 2021. Mutanen yankin Birnin Gwari ba sa bukatar dogon bayani kan illar dalma, ganin yadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Anka da Bukkuyum a maƙwabciyar jihar Zamfara a 2010. Tun daga zamanin fetur mai dalma ya tabbata cewa ana iya ɗaga lambar oktan da abin da ke cutarwa.

Akwai wani ruɗani kuma da ya shafi masu sayen motoci 'yan Kwatano. Turai da Afirka da yawancin Asiya suna rubuta lambar da ake kira RON. Amurka da Kanada suna rubuta matsakaicin gwaje-gwaje biyu, wanda yake ƙasa da RON da kusan huɗu zuwa biyar. Saboda haka motar da aka shigo da ita daga Amurka, littafinta ya ce 87, tana bukatar kusan 91 ne a ma'aunin nan. Wadda littafinta ya ce 91 ko 93 tana neman 95 zuwa 98. Mai karanta rubutun da ke cikin murfin tanki dole ya fara sanin ƙasar da aka ƙera motar dominta.

A Amurka ko Ingila ko Saudiyya direba yana tarar da famfo biyu ko uku a gidan mai, kowanne da lambarsa da farashinsa. A Najeriya abin ba haka yake ba. Fetur iri ɗaya ne a kusan kowane gidan mai daga Legas har Birnin Gwari, kuma babu lamba a jikin famfo. Mizanin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 ya ce kada fetur ya gaza 91, sinadarin sulfa kuma kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, mai iya tace ganga 110,000 a rana, ta yi shekaru ba ta ba yankin mai. Abin da ke isowa tanka ce ke ɗauko shi daga kudu, ko na shigowa daga waje ko na matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024. Don haka tambayar a nan ta rabu biyu: shin da za a sami fetur mai 95 ko 98 da ƙarin kuɗi, zai biya? Kuma wace mota ce ke cutuwa da rashinsa?

Amsar ta dogara da irin motar. Hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi Buruku da Udawa ta shiga Birnin Gwari, ta wuce Tegina da Mokwa zuwa Jebba, tsohuwar hanyar Legas ce, kuma manyan motoci ne jigonta: tireloli, tankoki, tifofi, da motocin da ke kwaso masara da waken suya da shanu. Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, bayan shekarun da rashin tsaro ya rufe ta, zirga-zirgarsu ta ƙaru. DAF da MAN da Mack da Howo da Kanta duk man gas suke sha, wato dizal, kuma lambar oktan ba ta da hurumi a kansu ko kaɗan. Injin dizal ba shi da fulogi. Iska kawai yake matsewa har ta yi zafin da zai kunna man da nozul ya fesa. Abin da yake so shi ne man da ke kamawa da wuri, kishiyar abin da injin fetur ke so, kuma ma'auninsa lambar sitan ce. Da wannan kaɗai an fitar da mafi yawan motocin kaya na yankin daga cikin muhawarar.

Rukuni na biyu shi ne a-kori-kura masu shan fetur, kuma sarkinsu a hanyoyin Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi shi ne Hilux. Jami'an tsaro, ma'aikatan gandun dajin Kamuku, 'yan kasuwar hatsi da masu haƙar zinari duk ita suke nema. Injinta mai lita 2.7, wanda Toyota ke kira 2TR-FE, an ƙera shi ne don fetur mai 91, haka ma injin lita 4.0 na Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Toyota ta san ƙasashen da take kai waɗannan motoci, ta tsara su daidai da man da ke can. Injin da ba ya ƙwanƙwasa da 91 ba shi da abin da zai yi da ƙarin juriyar 98, domin ƙarfin zafin da ke cikin lita ɗaya na iri biyun kusan ɗaya ne. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016 da motocin da aka ƙera don fetur na gama-gari, ba ta ga wani ƙarin ƙarfi ko tsimin mai na a zo a gani ba. Ta ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun ɓarnatar da fiye da dala biliyan 2.1 cikin shekara guda wajen sayen mai tsada ga motocin da ba sa bukatarsa.

Rukuni na uku ne kaɗai maganar ke da nauyi a kansa, kuma shi ne mafi ƙaranci: manyan a-kori-kura da jif-jif masu injin turbo ko matsi mai yawa, irin waɗanda 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa da 'yan kwangila ke shigowa da su. Turbo yana cusa wa silinda iska fiye da yadda za ta zuƙa da kanta, matsi da zafi su ƙaru, bukatar juriyar mai ta hau. Irin waɗannan injina suna da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa a jikin bulo. Da ta ji alama sai ta sanar da ƙwaƙwalwar injin, ita kuma ta jinkirta tartsatsin fulogi, wani lokaci ta rage iskar turbo ko ta ƙara mai don sanyaya silinda. Injin ya tsira, amma ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, ya kuma ƙara shan mai. Idan aka ba shi fetur mai juriya, ƙwaƙwalwar ta mayar da tartsatsin wurinsa, ƙarfin da aka tauye ya dawo. Ƙarfin daga ƙirar injin yake fitowa, man ya ba shi dama ne kawai.

A wannan rukuni ma sai an duba kalmar da kamfani ya yi amfani da ita. Wasu littattafan suna cewa an fi son mai yawan oktan, wasu suna cewa wajibi ne. Ford F-150 mai injin EcoBoost tana tafiya da 87 na Amurka, amma kamfanin yana ba da shawarar mai tsada idan za a ja kaya mai nauyi ko a yi aiki cikin zafi. Ram TRX mai ƙarfin doki 702 kuwa 91 na Amurka take nema, wato kusan 95 a nan. AAA ta sake yin gwaji a 2017 a kan motocin da aka ce an fi son mai tsada a cikinsu, har da F-150 da Cadillac Escalade. Matsakaicin tsimin mai da aka samu kashi 2.7 cikin ɗari ne, ƙarin ƙarfi kuma kashi 1.4, alhali bambancin farashi ya kai kashi 20 zuwa 25. Wani misali mai bayyana lamarin shi ne Land Cruiser 200 da Lexus LX 570 na kasuwar Amurka, masu inji ɗaya na lita 5.7. An rubuta wa ta farko doki 381 da fetur na gama-gari, ta biyu doki 383 da mai tsada.

Lissafin a naira ba shi da wuya. A ɗauka, don misali kawai, lita tana naira 1,000, tanki kuma lita 80 ne kamar na Hilux. Cika shi naira 80,000. Idan mai yawan oktan ya fi tsada da kashi 20, an ƙara naira 16,000. Tsimin kashi 2.7 kuwa bai wuce lita biyu da 'yan kai ba, kuɗinsu bai kai naira 3,000 ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin lita ya ninka sau da yawa, kuma manomin da ke biyan kuɗin ɗauko buhu daga gona zuwa kasuwa shi ne ke ɗaukar kowane ƙari a ƙarshe. Ga motar da littafinta ya ce wajibi ne, lissafin ya sauya, domin abin da ake saye a nan kariya ce ga injin da canjinsa ke cin miliyoyi.

Ya kamata a yi wa masu goyon bayan mai tsada adalci a wuri guda: yanayin Birnin Gwari yana cikin mafi tsanani ga inji. Ƙwanƙwasa tana ƙaruwa da zafin iska, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin rana yana kusantar digiri 40. Tana ƙaruwa da bushewar iska, abin da hunturu ke kawowa tare da ƙurar da ke toshe matatar iska da lagireto. Tana ƙaruwa da nauyin kaya, kuma sanin kowa ne cewa a-kori-kurar da aka ƙera don tan ɗaya ana ɗora mata fiye da haka a ranar kasuwa. Mafi muni shi ne take totur a babbar giya alhali injin yana juyawa a hankali, abin da direba ke yi idan ya fito daga rami ko kwazazzabo bai rage giya ba don tsimin mai. Tafiya a ayari bayan rakiyar jami'an tsaro, da tsayawa da tashi a shingaye, suna ƙara wa injin zafi ba tare da iskar da za ta sanyaya shi ba. A irin wannan hali ne bambancin 91 da 95 ke fitowa fili a injin turbo. Sai dai kusan duk waɗannan dalilai suna da magani mai arha: sauka zuwa ƙaramar giya a hawa, wanke lagireto, canza matatar iska a kan lokaci, sa fulogi irin wanda kamfani ya rubuta, da barin na'urar daidaita zafin ruwa da fanka su yi aikinsu. Tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Fijo 504 a-kori-kura da aka haɗa a masana'antar PAN ta Kaduna, ba su da na'urar sauraro, don haka bakanike ne ke gyara musu tayimin da hannu. Tsohon injin da gawayi ya taru a kan fistin ɗinsa ma yakan fara ƙwanƙwasa da man da ya saba sha lafiya, kuma maganinsa kankare gawayin ne.

Haɗarin da ya fi kusa da motocin yankin yana cikin abin da ke faruwa da mai bayan ya bar matata. Ƙauyuka da yawa na cikin daji ba su da gidan mai, sai 'yan bumburutu masu jarka da galan da kwalba. Gwamnatin jihar Kaduna ta taɓa hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi a 2021 saboda dalilan tsaro, amma bukatar da ta haifar da sana'ar tana nan. Fetur gauraye ne na sinadarai masu sauƙi da masu nauyi. Idan jarka ta wuni a rana, masu sauƙin, waɗanda ke taimaka wa inji ya tashi da safe kuma suke ɗaga lambar oktan, su ne ke fara tserewa, ragowar kuma ya fara yin danƙo mai toshe injekta. Man da ya bar matata da 91 yana iya isa tankin mota da ƙasa da haka. Idan aka cakuɗa shi da kananzir ko ɗanyen man da aka tace a ɓoye, lambar tana faɗuwa warwas, domin kananzir ba shi da juriyar matsi. Ruwa da yashi daga gindin duro ko tankin ƙasa da damina ta ratsa su ne ke kashe famfon mai. Matata mai kyau a bakin mazurari da sanin wanda ake saye a hannunsa sun fi kowace lamba amfani a irin wannan wuri.

Abin da ya faru a Fabrairun 2022 darasi ne na musamman. Hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, kamfanin NNPC kuma ya ce daga tashar Antwerp ta Beljiyam aka ɗauko shi. Motoci sun lalace a Legas da Abuja, janye man daga kasuwa ya jawo dogayen layuka na makonni a faɗin ƙasar. Metanol yana da lambar oktan sama da 100. Mai ɗauke da shi zai iya cin gwajin oktan, amma metanol yana cin roba da tiyo, yana jan ruwa, kuma ƙarfin zafinsa kusan rabin na fetur ne. Gas ɗin CNG da gwamnatin tarayya ke ƙarfafa juyar da motoci zuwa gare shi tun 2023 yana koyar da abu makamancin haka ta wata fuska: lambarsa ta kai 120 ko fiye, amma motar fetur da aka juyar takan ɗan rasa ƙarfi, saboda gas ɗin yana cinye wurin da iska za ta shiga a silinda.

Ƙananan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan gyara suna bukatar taka-tsantsan. Da yawansu idan sun rubuta cewa suna ƙara maki biyar, kashi biyar cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, wato 91 ta koma 91.5. Masu tasirin gaske galibi suna ɗauke da sinadarin manganis, wanda ke barin jan datti a kan fulogi, ya kuma lalata na'urorin da ke auna hayaƙi idan aka dawwama a kansa. Sinadaran wanke injekta wani abu ne daban, suna da amfaninsu, amma ba su da alaƙa da oktan.

Ga masu dizal, abubuwan lura su ne sulfa da ruwa. Shekaru da yawa mizanin Najeriya ya yarda da sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan a dizal, alhali Turai ta tsaya a 10 tun 2009, kuma rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya nuna yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa irin wannan mai musamman don Afirka ta Yamma. Tsofaffin injina irin 1HZ na Land Cruiser suna haƙuri da shi. Sababbi, irin na Hilux mai lita 2.4 da 2.8, suna fesa mai da matsin da ya kai kusan 2,000 a ma'aunin bar ta ramukan nozul sirara kamar gashi, kuma ɗan ruwa ko ƙura kaɗan ya isa ya lalata su. Zubar da ruwan da ya taru a matatar dizal da canza ta kafin lokacinta, musamman da damina, shi ne kashe kuɗin da ke biya a wannan ɓangare.

Tunda gidajen mai na yankin ba sa ba da zaɓi, hukuncin oktan ana yanke shi ne a ranar sayen mota. Mai niyyar aiki da ita tsakanin Kaduna da Funtuwa da Tegina da ƙauyukan daji ya buɗe murfin tanki da littafin motar, ya gano ko lambar ta Amurka ce ko RON, ya kuma duba ko an ce an fi so ko an ce wajibi. Wadda ke neman 91 RON za ta yi aiki da man da ke akwai. Wadda aka ce an fi son 95 a cikinta za ta yi tafiya da ɗan ragin ƙarfi, kuma tana bukatar a sassauta mata kaya da totur a tsakiyar rana. Wadda 95 ko 98 ya zama mata wajibi, ko wadda aka sauya wa ƙwaƙwalwa don ƙarin gudu, za ta riƙa aiki kullum a bakin iyakar abin da na'urar sauraronta ke iya gyarawa, kuma kayan gyaranta da kwamfutar binciken matsalarta sai an je Kaduna ko Abuja.